Mu Kira Shi Malam Wane

Minti ashirin suka ba ni,
da gorar ruwa ɗaya, da makirufo mai tari.
A jikin ƙofa an manna takarda:
Taron Ɗaliban Falsafa, Hankali da Daraja, Rana ta Biyu.
Wanda ya gabace ni, wani dogo daga Zariya,
ya cinye minti bakwai cikin nawa
yana kawo hujjar cewa alheri ba ya buƙatar hujja.

Na miƙe. Na ce:
mu ɗauki wani mutum, mu kira shi Malam Wane.
Shekara ashirin da uku yana ɗaura zare a masaƙa.
Ran nan aka rufe, aka ce su dawo Talata a sallame su.
Ya dawo Talata.
Ya dawo Talatar da ta biyo.
Shekara goma sha ɗaya yana dawowa.

Na haska musu lissafi a bango:
kuɗin mota daga Rigasa zuwa Kakuri, zuwa da komowa,
sau hamsin da biyu, sau goma sha ɗaya,
ga kuma abin da yake bin kamfanin, in ma za a biya.
Tun a shekara ta bakwai layukan biyu suka gitta juna.
Daga nan, na ce, kowace Talata asara ce,
kuma mai hankali ba ya bin guga cikin rijiya
don kawai igiyar tasa ce.
Aka yi dariya. Na ji daɗin dariyar.

Sai aka ɗauke wuta.
Lissafina ya ɓace daga bango, fanka ta yi juyi uku ta tsaya.
Kafin a ta da janareto,
Dakta Didam, wadda tun safe ba ta ce uffan ba,
ta yi magana daga layin baya:
Malam Wanen nan naka, da wace riga yake zuwa?

Na ce wannan ba ya cikin misalin.
Ta ce, to, sa shi.

Shuɗiya ce. Aljihu biyu, tambarin kamfani ya koɗe a na hagu.
Ran Litinin da dare yake goge ta da kansa,
dutsen guga na gawayi, yana hurawa har toka ta hau masa gemu,
ba ya yarda Inna ta taɓa.
A bakin ƙofar akwai Shekari na sashen rini, da Oche na ɗakin inji,
da Tanimu wanda kunnensa bai ƙara ji ba tun zamanin ƙarar masaƙa.
Benci ɗaya, goro ɗaya a fasa huɗu,
sai su bi sunayen waɗanda ba su zo ba
su tantance wa ke kwance, wa aka kai.

Ban faɗi ko ɗaya cikin wannan ba.
Na ce: na gode, zan duba.

Janareto ya tashi. Shugaban zama ya nuna mini agogonsa.
Aka tafa, aka fita layin shinkafa,
inda wasu biyu ke musu, kowa da cinyar kaza a hannu,
kan ko ƙauna dalili ce ko sanadi kawai.

Da la'asar na tare keke.
Ba hanyata ba ce, masaukina yana Kawo.
Muka haye gada, kogi ya cika ya yi ja da ruwan jiya.
Mai keken ya ce, Kakuri wajen ina? Ai babu komai can.
Na ce na sani.

Ƙofar tana nan, kwaɗon ya yi tsatsa, ciyawa ta kai ƙugu.
Bencin babu. Yau ma ai Alhamis ce.
Na tsaya da takardata a naɗe, shafi goma sha takwas.
Na warware ta, na sake bin lissafin da yatsa,
layi bayan layi, a tsaye a wurin.
Daidai yake. Ko sisi bai kuskure ba.

Mai keke ya danna hon,
ya leƙo da kai ya ce jira ma kuɗi ne.